Tsayuwar Mma Balaraba

Bari in lissafa muku waɗanda suke zauren Gidan Gajiyayyu ran nan, don kada gobe wani ya ce da idonsa ya gani alhali ko kusa bai zo ba. Akwai Alhaji Nuhu Maigoro, shugaban kwamiti, wanda ubansa ya bar gidan wakafi saboda tsofaffin Zangon Kumasi da ba su da kowa. Shi ne a kan kujera mai hannu. Akwai Liman Tanko na masallacin layinmu, a kan buzunsa. Akwai Malam Isaka, karacinmu, wato mai zuwa ofishin gwamnati da yawun gidan, don shi kaɗai ya iya Turanci. Akwai Asana, abokiyar aikina, a tsugune bakin ƙofa, kumfar wanki ba ta bushe a hannunta ba. Sai ni Adisa, uwarku, a tsaye, don ba wanda ya ce in zauna. Ta shidan ba ta cikin zauren amma sai na lissafa ta: Mma Balaraba, tana kwance a ɗakin da ke jikin zauren, bangon da ya raba mu da ita kuwa katako ne. Duk sun riga ni tafiya. Ni kaɗai na rage da zan faɗa, kuma zan faɗa yadda aka yi, ba yadda ake so ba.

Ni ban shiga aji ba, Rahinatu ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Ke Fati, da kai Mumuni, da ke mai riƙe da alƙalamin, kun girma kuna jin ana cewa uwarku ta ɗauke tsohuwa daga gidan ne don ta riƙa cin kuɗin gwamnati a kanta. Wasu suka ce na zaɓi ɗaya na bar uku suka tafi suka mutu a hannun baƙi. Ke kuma Fati, ba ki taɓa faɗa da baki ba, amma duk ranar da kika ga keken ɗinki na san abin da idonki ke cewa. To ku saurara.

Na shiga aikin gidan bayan rasuwar ubanku, lokacin Mumuni yana rarrafe. Ɗakuna ne a jere, da tsakar gida ta siminti, da famfo ɗaya mai kawo ruwa in ya ga dama. Tsofaffin sun kusa ashirin, maza a gefe, mata a gefe: tsofaffin 'yan dako na kasuwar Kejetiya, masu gadi da idonsu ya mutu, matan da suka haihu suka binne duka. Mu uku ne masu aiki a lokacin, ni da Asana da wata Bazabarma mai ƙarfi kamar namiji. Ofishin gwamnati yana ba da abin da muke kira kuɗin kai. Kowane tsoho da aka rubuta sunansa, a ba gidan wani abu a kansa duk wata. Mai tafiya da na kwance, kuɗinsu ɗaya. Wanda ya yanka wannan kuɗi bai taɓa juya mutum a kan tabarma ba. Tsoho mai tafiya, koko da tuwon zafi ne bukatarsa, har ya taya ki shara ya ɓare miki gyaɗa. Na kwance kuwa, bayan abincin, yana cin sabulu, yana cin tsumma, yana cin gawayin dafa ruwan wanka, yana cin man kaɗen da ake shafa masa a baya da ƙugu don kada fata ta ɓalle ta zama gyambo. Sannan yana cin hannu. Sai mutum biyu sun taru kafin a ɗaga shi a ɗora a kan fo, a sauke, a wanke, a juya shi da safe, a juya shi da rana, a juya shi da yamma. Kuɗin kai bai taɓa kaiwa nan ba. Abin da ke rufe ramin shi ne 'yan goro. Kowace Juma'a bayan masallaci sai su biyo, wannan ya ajiye buhun masara, wancan sandar sabulu, wani ya aiko da tsofaffin zannuwan matansa. Da haka muke rufa asiri, har ofis ya ɗauka kuɗinsa ne ke yin aikin.

Sai shekarar korar baƙi ta zo. Cikin azumi aka ce duk wanda ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, kun ji shi a bakin kowa. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda ya shigo mana gida ta ƙofa biyu. Ta ƙofa ɗaya ya kwashe masu ba mu: 'yan goron nan, rabinsu iyayensu daga Nijar ne ko Najeriya, suka sayar da abin da ya sayu suka hau lori, har da Bazabarmar da ke ɗaga mana masu nauyi. Ta ɗaya ƙofar kuma ya kawo mana waɗanda lori ba zai ɗauka ba. Mutum zai tafi da mata da yara da tukwane, ya dubi uwarsa da ba ta iya zama, ya dubi bayan lorin da aka cusa mutane kamar buhuna, sai ya goyo ta ya kawo mana. Juma'a ta riƙa zuwa tana wucewa ba buhu ba sabulu, tabarmi kuwa sun ƙaru.

Da haka Mma Balaraba ta zo. Ungozoma ce. Rabin yaran Zango a hannunta suka faɗo, har da 'ya'yan Alhaji Nuhu, har da ke Fati. Ita ta yanke miki cibiya, ita ta yi mini wankan jego da ganye ranar da ba ni da uwa a Kumasi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye tun damunar da ta wuce. A nan aka haife ta, amma mijinta mutumin Doso ne ta Nijar, ɗansu Seidu kuma ba shi da takarda. Shi ya kawo ta a baya, ya shimfiɗe ta, ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

"Tashi ka tafi, lori ba ya jiran mai hawaye," ta ce masa. "Ni ina nan wurin Adisa. In ka isa ka aiko."

Bai aiko ba. Ban ce ya ƙi ba, ban san abin da ya same shi a hanya ba.

Mace ce mai tsafta da girman kai. Ranar farko da na zo in wanke ta, ta juya fuska bango ta ce in rufe ƙofa in sa tsumma a kafar katako, don kada ko kaza ta leƙo. Ita da ta ga tsiraicin matan unguwa kaf, ba ta yarda a ga nata ba sai ni. In na gama sai ta ce, "Hannunki da nauyi, amma kin iya," wannan shi ne godiyarta.

Bayan babbar salla Malam Isaka ya dawo daga ofis da labari. An ce za a daina biyan kowa daidai. Za a turo mutum ya duba tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ga ba ya tashi, ba ya kai kansa bayan gida, za a ƙara kuɗinsa sosai. Wanda aka ga yana iya wa kansa, za a rage nasa, tunda abinci kawai yake ci. Na ce alhamdulillahi, yau dai wani a ofis ya yi tunani. Muna da huɗu da ba sa motsi sai an motsa su: Mma Balaraba, da Baba Gariba tsohon soja, da wasu maza biyu. Na bi ɗaki ɗaki na ce musu ranar da baƙon zai zo kowa ya kwanta yadda ya saba kwanciya, abin da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya.

Amma magana biyu ta riga tawa shiga kunnensu. Ta farko ta Alhaji ce. Ya zo da kansa ya ce a wanke gidan ƙal, a ƙona turare, a sa wa kowa kayan salla.

"A shekarar nan da ake cewa mutanen Zango ƙazamai ne, kaya ne a wuyan ƙasa, ba za a shigo gidan ubana a toshe hanci ba," in ji shi.

Ban ga laifinsa a wannan ba, ni ma na ji zafin abin da ake faɗa a kanmu. Ta biyun ita ce mugunyar, kuma har yau ban san bakin da ya fara ta ba. Aka ce ba kuɗi za a ƙara ba, dabara ce. Ana so a rubuta waɗanda ba su da amfani ne, a zuba su a lori a bi da su bayan 'ya'yansu. Ku tuna, mutanen nan da idonsu suka ga an rubuta sunaye, suka ga lori ya zo. Wa zai ce musu ƙarya ne su yarda?

Da safen ranar ina tsakar gida ina fama da tukunya, Mma ta sa Asana ta yi mata abin da ta san ni ba zan yi ba. Ko da na shiga, na tarar da ita a zaune a kan kujera 'yar tsugunno, bayanta jingine da bango kusa da ƙofa, da zanen sallarta mai ruwan shuɗi, ido ya sha kwalli. Hannun da ya mutu an ɗora mata shi a cinya, an rataya masa carbi, an ja mayafi ya rufe rabinsa.

Na ce, "Mma, mene ne haka? Ba na ce ki kwanta ba?"

"Baƙo zai shigo in tarbe shi a kwance kamar gawa? A gidan wa aka yi miki wannan tarbiyyar?"

"Ba gaisuwa ya zo yi ba. Ya zo ya ga abin da ba ki iyawa ne, don a ba mu na sabulu."

"In gaya wa sa'an ɗan cikina, namiji, kuma Batone, cewa ke kike wanke mini gindi? Adisa, ki ji tsoron Allah." Sai ta rage murya. "Kuma ni ba zan hau lorin nan ba. Wanda ya mutu a ciki bakin hanya ake ajiye shi, ba wanka ba salla. Na wanke mutane da yawa, ni ma sai an wanke ni."

Baƙon saurayi ne, Batone, wato ɗan asalin ƙasar, da farar riga da takalmi mai ƙyalli, kuma yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsinci Hausarsa a kasuwa. Ya shiga ɗakin maza ya tarar da Baba Gariba, wanda tun kafin azumi bai taka ƙasa ba, an tokare shi da matasai, ya sa tsohuwar hularsa ta soja. Yana ganin baƙo ya ɗaga hannu ya ƙame masa. Saurayin ya yi dariya, ya mayar masa, ya rubuta. Sauran biyun ma, kowace tambaya amsarta ɗaya: lafiya lau, alhamdulillahi, da sauƙi. Mu haka aka koya mana amsa baƙo. Ko kana mutuwa, in an ce yaya jiki, da sauƙi za ka ce.

Da ya iso wurin Mma ya rusuna ya ce, "Mma, kana lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana, ko da ka mai da ni namiji." Ta miƙa masa goro da hannunta mai rai, fari, babba, wanda ta ɓoye tun ranar salla. "Baƙo ba ya fita ɗakina hannu wofi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tambaye ta ko ita ke ci da kanta, ta ce wa zai ci mata. Ya ce bayan gida fa? Ta ce da ƙafar wa za ta je in ba tata ba. Nan na kasa haƙuri, na sa baki da Tonanci, yarensu, don ya ji da kyau. Na ce masa matar nan ɓarinta ya mutu, mu biyu muke ɗaga ta, ya ɗage mayafin ya gani.

"Adisa!" Mma ta daka mini tsawa. "Manya na magana."

Saurayin ya dube ni, ya ce, "Maame, duk gidan da na shiga haka ma'aikata ke faɗa mini. Ni abin da na gani da abin da mai jikin ya faɗa aka ce in rubuta." Sai ya juya gare ta. "Mma, za ka iya tashi in gani?"

Ta kama dokin ƙofa da hannun dama. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta ja jikinta sama a kan ƙafa ɗaya, a hankali, ɗayar tana lilo a ƙarƙashin zane inda ba ya gani, har ta tsaya. Ta tsaya, tana masa murmushi, gumi na bin kwallin yana gangarowa. Ba ta sauka ba sai da ya gama rubutu, ya yi godiya, ya sa kai ya fita. Takalminsa bai bar tsakar gida ba ta zube a hannuna. Zanen sallar ya ɓaci tun daga ƙugu har ƙasa. Na rufe ƙofa, na toshe kafar katako, na wanke ta. Sai da nake shafa mata man kaɗe ta ce, fuskarta a bango:

"Kin ga dai ban ba ki kunya ba."

Ruwan farko ya sauka kafin amsar ofis ta fito, ita ce ta tara mu a zaure ran da na fara ba ku labarinsa. Malam Isaka ya yi bayani kansa a ƙasa. An rubuta kowa a gidan mai iya wa kansa ne. Ba a ƙara wa ko ɗaya ba, an rage wa duka. Ya ce ya koma ya yi magana, aka ce masa jami'insu ya gani da ido, tsofaffin sun faɗa da baki, sai kuma baɗi in an sake zagayowa.

Alhaji ya daɗe yana murza goro a hannu bai ɓare ba. Sannan ya ce abin da ya zo da shi. Kuɗin yanzu zai ciyar da masu tafiya, in an tsuke. Ba zai biya ma'aikata biyu ba, don haka Asana za ta tafi ƙarshen wata. Mace ɗaya kuma ba za ta ɗaga mutum huɗu ba. Akwai gidan gwamnati na gajiyayyu can nesa da gari, ya yi magana sun ce za su karɓa. Jibi lorinsa zai sauka kudu, sai a shimfiɗa musu katifa a baya. Daga yau kuma duk tsohon da za a kawo, sai wanda ya shigo da ƙafarsa.

Na ce, "Wato gidan gajiyayyu, amma ban da wanda ya gaji."

"Adisa, ba da ke ake shawara ba," in ji Alhaji.

"Da wa ake yi? Wa ke ɗaga su, kai ko Liman? Can da za a kai su akwai mai jin Hausa? Akwai wanda ya san inda alƙibla take?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce ƙasar Allah ɗaya ce, duk inda bawa ya cika Ubangijinsa na nan.

Na ce, "Allah na nan, Malam. Mai wanka nake tambaya."

Alhaji ya ce, "Kina gani kamar daɗi nake ji? Shagona na Kejetiya rabi a rufe, masu sayen gorona suna hayin iyaka. In na riƙe huɗun nan, kafin azumi mai zuwa sauran ma ba su da koko. Kawo mini dabara in kina da ita, ba baki ba."

"A kira yaron ofis ya dawo ba sanarwa, ya same su yadda suke."

"An ce sai baɗi."

"To a raba su gidajen manya. Kai ka ɗauki ɗaya. Matar da ke bayan katakon nan ita ta ciro 'ya'yanka duka."

Ya ɗaga ido ya dube ni, ya ce gidansa cike yake da iyalan waɗanda suka tafi suka bar masa amana. Gaskiya ne, cike yake. Kowa a zauren nan yana da gaskiyarsa, shi ya sa har yau in na tuna nake jin ɗaci a harshe. Ba mugu ko ɗaya da zan nuna muku in ce ga shi. Wani ne a wani ofis ya yanka kuɗi bai san nauyin mutum ba, sannan ya aiko a tambayi tsofaffin Zango, a shekarar tsoro, a gaban baƙo, ko suna iya wa kansu. Asana ta fashe da kuka, ta ce ita ta ɗaura wa Mma zanen. Na ce ta yi shiru, ba zane ya yi wannan ba. Aka shafa fatiha aka tashi.

Bayan la'asar na kai wa Mma kunu. Ta ji komai, ban yi wahalar ɓoyewa ba. Ta ƙi buɗe baki. Can ta ce:

"Lorin ya zo ke nan."

Na ajiye kwanon kunun a gefenta.

"Na tashi don kada in hau shi, ashe tashin ne kuɗin motata." Ta yi wata 'yar dariya da rabin bakinta. "Gariba ma da ƙamewar sojansa. Adisa, in sun zo ɗaukata ki sa mini zanen shuɗin nan. Kada in isa wurin mutane kamar wadda ba ta da kowa."

Na ce, "Sha kununki, Mma."

Yanzu ga lissafin da kuke bina, ku karɓa. Ɗaki ɗaya muke da shi a gidan haya, ni da ku uku. Mutum ɗaya bayana zai iya ɗauka, mutum ɗaya ɗakin zai ci. Mazan uku ba muharramaina ba ne, ko da ina da wuri ba zan kwantar da su cikin 'ya'yana mata ba. Jibin ya zo aka sa su a lori. Baba Gariba ya ƙame wa direba. Kafin damuna ta ƙare direban ya kawo labarin biyu daga cikinsu, na ukun ba mu taɓa ji ba, kuma ba mu san wanda ya yi musu wanka ba. Kuɗin gwamnati da aka ce na ci: ofis gida yake biya, ba mutum ba. Ranar da aka cire sunan Mma daga gidan, ranar kuɗinta ya mutu. Ko pesuwa ɗaya ba ta taɓa shigowa ɗakinmu a kanta ba. Sabulun da ya wanke ta daga bakinku na cire shi.

Ke kuma Fati. Dole in ci gaba da zuwa aiki, in ba haka ba mu duka mu kwana da yunwa, kuma dole a sami mai juya ta da rana. Mumuni da Rahinatu ƙanana ne. Ke ce kike koyon ɗinki a unguwar Sofolayin, madam ɗinki ta ce hannunki ya fi na kowa, saura kaɗan a yaye ki. Na cire ki. Na ce na wata biyu ne, kafin Seidu ya aiko. Mma ta yi damuna biyu a ɗakinmu, kafin ta cika an ba wata gurbinki, kuɗin keken da nake tarawa kuma ya tafi a gawayi da man kaɗe. Ban ce ki yafe mini ba, don da za a mayar da ni ranar, abin da zan yi ke nan. Ina so ne ki san inda za ki ajiye fushinki. Kuma ki tuna ni da ke muka yi mata wanka, a ɗakinmu, da ƙofa a rufe, Liman Tanko ya yi mata salla, aka kai ta da ƙafa ba da mota ba.

Gidan Gajiyayyu ya ci gaba da karɓar masu tafiya. Amma mai tafiya ma ranarsa na zuwa, duk wanda ya kwanta sai a jira lorin kudu. Tsofaffi suka gane, suka riƙa ɓoye ciwo, mutum na jin jiri yana shara don a gan shi a tsaye. Da baɗi ta zo aka sake turo wani jami'in, bai sami na kwance ko ɗaya ba, ya rubuta gidan ba ya bukatar ƙari. Yau in kun bi ta layin, ɗakunan nan ne ake ajiye buhunan siminti.

Washegarin ranar zauren, da na idar da asuba, na ɗauki babban zanena na goyo, wanda na goye ku da shi duka, na tafi gidan. Na wanke Mma, na shafa mata mai, na sa mata zanen shuɗin. Ta ɗauka an matso da tafiyar ne, ta fara salati. Na ce Asana ta ɗaga mini ita. Muka ɗora ta a bayana, na ja zanen na ɗaure a ƙirji, na kama hannun da ya mutu na sa shi a kafaɗata. Ba ta da nauyi, Mumuni ma ya kusa fin ta.

"Ina za ki kai ni?"

"Gida."

"Sauke ni in taka. Mutane na kallo, 'yar nan."

"Yau ba baƙo, Mma. Kwantar da kanki."

Na fito da ita ta zaure, na bi tsakiyar layi, ban bi ta lungu ba. Masu koko sun fito, masu dawowa daga masallaci suna tsaye gungu gungu, kowa ya bi mu da ido. A ƙofar gidansa Alhaji Nuhu yana zaune a kan benci da carbi. Ya gan mu ya miƙe, ya rasa abin faɗa sai wanda aka saba.

"Mma, ina kwana? Yaya jikin?"

Na ji ta ɗago kai daga bayana, tana gyara murya.

"Lafiya lau, Alhaji. Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ni ban gaishe shi ba. Na ƙara tamke zanen, na wuce.